Ni Na Raɗa Sunan, Ba Habu Ba

Shekara tara ke nan cif da muka kai Malam Abubakar makwancinsa a Rurum Tsohon Gari. Ku Malamin Kwamfuta kuka sani, ni kuwa Habu nake ce masa, domin taubashina ne: uwata ƙanwar babansa ce, ciki ɗaya. Duk shekara idan wannan wata ya kama nakan rubuta wani abu a kansa a wannan fili na jarida, kuma nakan yi abin da na fi ƙwarewa a kai, wato ba mutane dariya. Bana ban zo da dariya ba. Akwai wani labari da ake bayarwa a kansa, wanda ni ma na bayar a nan har sau biyu, kuma ƙarya ne. 'Yarsa Bilkisu ta roƙe ni in sake rubuta shi don a sa a gaban sabon bugun littafin mahaifinta. Sai na ga ko dai in yi ƙaryar karo na uku, wannan karon da sa hannuna a cikin littafin mamaci, ko kuma in faɗi abin da ya faru.

Bari in fara da aikin, saboda waɗanda ba su san shi ba. Habu yana koyar da kwamfuta a wata sakandare a nan Rano, ni kuma ina da shagon gyaran waya da haɗa sola a bakin kasuwa. Lokacin da famfon sola ya fara shiga gonakin noman rani a Nariya da kewayenta, manoma sun yi murna, amma ba a daɗe ba suka gane sun samu sabon aiki. Sai mutum ya tsaya a kan famfo yini guda, ya kunna, ya kashe. In ya juya baya ruwa ya cinye masa rainon albasa, ko rijiya ta janye inji ya yi ta juyawa a bushe har ya ƙone. Habu ne ya ce a haɗa wa famfon wani ɗan allon lantarki da zai riƙa yin wannan tsaron, a rubuta masa umarni da harshen kwamfuta da ake kira C. Kuma ba ya so a ce mu biyu kaɗai muka iya. Yana so samarin Kibiya da Rano su riƙa rubuta wa gonakin iyayensu da hannunsu. Don haka muka shiga haɗa musu makiro da sunayen Hausa.

Makiro ba wani abin tsoro ba ne. Ka ɗauki wani guntun umarni da ake yawan maimaitawa, layi biyar ko goma, ka raɗa masa gajeren suna. Daga nan duk inda ka rubuta sunan, na'ura za ta ɗauke shi ta zuba layukan nan a gurbinsa kafin ta fara aiki. Mai rubutu ba ya ganin abin da ke ciki, sunan kaɗai yake gani, da shi yake yarda. Ni nake rubuta yawancin makiron, don hannuna yana da sauri kamar bakina. Habu kuma shi yake rubuta littafin bayani, inda kowane makiro yake da sunansa, da aikinsa, da misali, da gargaɗin inda zai iya cutar da kai.

Shafi na biyu na littafin ba shi da komai sai ƙa'idar raɗa suna, kuma Allah ya sani na sha yi masa tsiya a kan wannan shafi. Ya ce sunan makiro da manyan baƙaƙe ake rubuta shi, don mai karatu ya gane daga nesa cewa akwai abu a ɓoye a ƙarƙashinsa. Ya ce kowane suna ya fara da gidansu: na ruwa su fara da RUWA, na batir da hasken rana su fara da WUTA, na aika umarni su fara da SAKO. Bayan gida sai aikin, a faɗe shi ƙarara, kamar RUWA_BUDE ko WUTA_AUNA. Ba sunan mutum, ba habaici, ba wasa. Na ƙarshen shi ne wanda ya fi tsananta a kai: da zarar suna ya fita hannun mutane, ba a canza shi. Yakan ce suna ne irin na yanka. Wani yaro a wani ƙauye da ba ka taɓa zuwa ba ya riga ya gina aikinsa a kai, ranar da ka canza don ya yi maka daɗin ji, ranar famfon ubansa zai tsaya, kuma ba zai san dalili ba.

Habu yana da in'ina. Duk wanda ya zauna da shi ya sani, amma ban taɓa rubuta shi a fili haka ba sai a cikin raha. Tun muna yara idan aka tambaye shi sunansa sai harafin farko ya maƙale masa, ya yi ta fama da shi kafin sauran su fito. Idan an kai ni hutu gidan kawuna a Rurum, nakan tare shi a ƙofar gida in ce ya faɗi sunansa kafin in bar shi ya wuce. Ni na raɗa masa Ha-ha-habu. Da wani yaro ne ya yi, da manya sun zane shi. Amma ni taubashi ne, in na faɗa sai manya su yi murmushi su ce wasa ne na gado, ku kuka san kanku. Na tashi da wannan lasisi a aljihuna, ban taɓa tsayawa na duba ko yana da iyaka ba. Shi kuma ba ya ramawa, ba don ba shi da abin faɗa ba, sai don kafin ya haɗa amsa ni na yi gaba da wata.

A cikin makiron da muka haɗa akwai ɗaya da ya ba ni wahala. A gona sadarwa tana yankewa, ka aika wa famfo umarni bai ji ba. Sai na rubuta wanda zai sake aikawa, ya sake, ya sake, har famfo ya amsa. Da na ga ya yi aiki, daɗi ya kwashe ni, na tsaya neman suna. Abu ne da yake faɗin magana ɗaya sau da yawa kafin a ji shi. Ban ko yi dogon tunani ba na rubuta HA_HA_HABU, na kwanta a kan bencin shagona ina ta ƙyaƙyata dariya ni kaɗai. A wannan mako muka tara samari don horo na farko, na zuba musu komai a filas na kwamfuta, kowa ya tafi garinsu da nasa. Suna ya fita.

Na zaci zai tsallake shi a littafin, ko ya yi fushi ya bar mini aikin. Bai yi ko ɗaya ba. Ga abin da ya rubuta, yana nan har yau: "HA_HA_HABU. Yana sake aika umarni idan famfo bai amsa ba, har ya amsa ko a kai adadin da aka ƙayyade. A yi amfani da shi inda sadarwa ke yankewa. Wannan suna bai bi ƙa'idar shafi na biyu ba, kada a yi koyi da shi." Shi ke nan. Bai ce wane ne ya raɗa ba. Ya ba shi misali mai kyau kamar sauran, har ya gyara mini wani kuskure da ke cikinsa, bai kuma taɓa tayar mini da maganar ba.

Abin da ban lissafa ba shi ne, Habu malami ne, kuma wannan makiro yana cikin waɗanda aka fi buƙata. Dole ya koyar da shi. Dole ya faɗi sunan da bakinsa a gaban aji, kowane zango, ga sababbin fuskoki. Wata rana na je karɓar wata na'ura a wurinsa, na tarar yana cikin darasi, sai na tsaya ta taga. Daidai wurin ya zo. Ba zan rubuta yadda ya fito daga bakinsa ba, na kwaikwaye shi iya abin da ya ishe ni a duniya. Zan dai ce mutum mai in'ina ne yake ƙoƙarin faɗin kalmar da aka ƙera don kwaikwayon in'inarsa, sai ya zama ba a san inda sunan ya tsaya ba da inda lalurar ta fara. Yara suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa. Ya dafa tebur, ya kai shi ƙarshe, ya juya ga allo ya ci gaba da bayani. Ni da ke taga na yi dariya, kuma da sauti na yi ta. Ya waiwayo ya gan ni, ya ɗaga mini hannu alamar in jira ya gama.

Kusan shekara biyu ya yi yana wannan kafin ciwon da ya ɗauke shi. Na je duba shi sau da yawa, muka yi hirar damina, da tsadar batir, da wani famfo da ya ƙi ji a Nariya. Ban taɓa buɗe baki na ce Habu ka yafe mini ba. Ranar jana'iza, da liman ya ce duk wanda mamaci ya saɓa wa ya yafe masa, muryata tana cikin waɗanda suka fi tashi da cewa mun yafe. Yau in na tuna sai in ji da ma ƙasa ta tsage in shige. Ni ne mai yafe wa Habu!

A zaman makoki aka haifi ƙaryar, kuma ba ni na haife ta ba, raino kawai na yi. Wani tsohon ɗalibinsa yana lissafa halayensa sai ya ce Malam ya kai mutum mai sauƙin kai, har lalurarsa ya mayar abin wasa ya raɗa wa makiro, don kada yara su ji tsoron kuskure. Aka yi ta Allahu akbar, idanu suka juyo kaina tunda ni ne abokin aikinsa. Daƙiƙa ɗaya ce, da na ce a'a ni ne, da an wuce wurin da ɗan jin nauyi. Sai na gyaɗa kai na ce ai haka Habu yake. Daga baya bakin nan nawa ya ƙara mata gishiri: na ce ina wurin ranar da ya raɗa, na ce ni na hana shi ya ƙi. Mutane suna son labarin, ni kuma ina son yadda suke kallona in ina ba da shi.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Famfunan nan sun bazu fiye da yadda muka yi mafarki, har da gonakin da ba mu san masu su ba. Samari suna tura wa juna littafinsa ta waya, suna ƙara nasu makiron. Kwanan baya na ji biyu suna musu a shagon maƙwabcina, ɗaya yana ce wa ɗaya, wannan sunan naka ba shi da gida, koma ka karanta shafi na biyu. Na tabbata da wannan zai yi murmushin nan nasa na gefen baki. Har manhajojin zamanin nan da kake faɗa musu abin da kake so su rubuta maka, in ka ba su littafin sai ka ga suna bin ƙa'idarsa tiryan-tiryan, sun fi ni ladabi. Amma da zai ji ɗayan abin kuma. Sunan ya fita daga kwamfuta ya shiga bakin mutane. Yanzu in babur ya ƙi tashi a tashar Rano, sai ka ji yaro ya ce wa ɗan'uwansa ha-ha-haba shi mana, wato sake bugawa. Yaron bai taɓa ganin Habu ba, bai san akwai mutum a bayan kalmar ba.

Wani zai ce me ya hana ka canza bayan rasuwarsa? Amsar da nake ba kaina ita ce ƙa'idarsa ta hana, kuma gaskiya ne, famfuna da yawa za su tsaya. Amma akwai hanyar da masu wannan aiki suka sani: a ƙara sabon suna mai kyau, a bar tsohon yana aiki, a rubuta cewa an daina so a yi amfani da shi. Aikin rabin yini ne. Ban yi ba, domin duk wanda ya ga na taɓa sunan zai tambaye ni me ya sa nake goge abin da Malam ya raɗa da kansa. Na fake da ƙa'idar mutumin da na wulaƙanta don kada asirina ya tonu.

Bilkisu tana da shekara goma sha huɗu lokacin da ya rasu. Ta karanta kwamfuta, ta dawo gida, yanzu littafin yana hannunta, ita take tace duk sabon suna kafin ya shiga. Ta gaji tsananinsa, ta taɓa mayar mini da makiro har sau biyu. Mako uku da suka wuce ta zo shagona ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Baffa, za mu sake buga littafin Baba. Ina so a buɗe shi da labarin sunan nan, yadda ya raɗa wa kansa. Kai ne kake wurin, kai ya kamata ka rubuta." Ta ce duk lokacin da ta ji tsoron tsayawa gaban mutane, wannan labarin take tunawa. Na ce mata to, in sha Allah. Na yi kwana goma sha takwas ina buɗe takarda ina rufewa.

Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, na hau babur na tafi Rurum. Na tarar da ita da mahaifiyarta, Binta, a tsakar gida suna tsintar wake. Aka shimfiɗa mini tabarma, aka kawo ruwa, ban sha ba. Ni da ake cewa ba a kai ni magana, sai da na yi gyaran murya sau uku. Na ce ni na raɗa sunan, don in yi masa dariya, shi bai taɓa so ba. Na kuma faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, har matata. Habu ya ga sunan tun kafin ya fita. Ana gobe horo, da la'asar, ya biyo ni shago da takarda a hannu, ya ce Tijjani, wannan kam a canza shi kafin gobe, in ya fita ya fita. Na ce haba ɗan kawu, kai ba ka san wasa ba? Na ce taubashi bai isa ya kai ƙarar taubashi ba. Washegari na raba filas ɗin yana tsaye yana kallo.

Bilkisu ta ajiye faifan waken a ƙasa. Binta ce ta yi magana, ba tare da ta ɗago ba. Ta ce, "Ai na sani, Tijjani. Bai faɗa mini ba, amma na sani. Duk ranar da zai koyar da wannan darasi, sai ya shige ɗaki tun da safe ya rufe ƙofa, in ji shi yana ta maimaita sunan shi kaɗai, don ya samu ya fito masa a gaban yara. Mutumin da ya raɗa wa kansa ba zai yi haka ba." Ta ce ta karanta duk abin da na rubuta a jarida, ta yi shiru don ta ga yarinya tana jin daɗin labarin. Shekara tara tana ba ni abinci in na zo, tana ce mini sannu da ɗawainiya.

Na ƙwace wa Bilkisu labarin da take jingina da shi, wannan ma laifina ne, ba ni da abin da zan ba ta a madadinsa sai na gaskiyar. Ban sani ba ko zai yi mata amfani. Ni dai da na auna, na ga mutumin da ke cikin na gaskiyar ya fi wanda na ƙirƙira girma nesa ba kusa ba. Wanda na ƙirƙira mai raha ne. Na gaskiyar an ci masa fuska, yana da alƙalami a hannu, yana da ikon ya goge sunan ko ya tona mai shi a layi ɗaya, sai ya duba yaran da suka riga suka tafi da shi gonakin iyayensu, ya zaɓi ya riƙa shiga ɗaki yana koyon faɗinsa. Shafi na biyu yana nan, famfunan suna nan, ɗaliban da suke gyara wa juna suna su ma suna nan. Allah ya jiƙan Habu, ya sa ruwan nan da ke bin kwalbatocin Nariya ya zame masa sadaka mai gudana. Ni kuma ku taya ni roƙon Allah, domin wanda zan roƙa kai tsaye na bari ya tafi.

Daga bisani Bilkisu ta ce ba za a sa komai a gaban littafin ba. Ta ce a jarida na yi ƙaryar, a jarida zan warware ta, shi ne wannan da kuke karantawa. Tsohon sunan zai ci gaba da aiki saboda famfunan mutane, amma za ta ƙara sabo, ta rubuta cewa shi ake so a yi amfani da shi daga yanzu. Ta shiga ɗaki ta fito da biro da littafin, ta buɗe shafin, ta zauna a gefen tabarmata.

Ta ce, "Baffa, ranar da ya zo shagonka, na san Baba ba zai ce a canza ba sai ya zo da wanda za a sa. Shi nake so in rubuta. Wane suna ya ce?"

Na ce ya zo da shi. Na ce ya fara faɗa, ya ce SAKO, sai na gaba ya maƙale masa. Yana cikin fama da shi na dafa kafaɗarsa, na ce in ka gama ka aiko mini, na buga babur na tafi.

Ta dubi shafin. Sannan ta mayar wa biron murfinsa, ta ce, "Da ka jira, Baffa. Baba ai yana ƙarasawa. Kullum yana ƙarasawa."